Kujerar mota daga garke take farawa

Kowa ya san mota Peugeot, wadda ake ce wa Fijo. Wanda bai hau 404 ba ya hau 504. Su ne suka yi shekaru suna kai mutane kasuwa, buhunan hatsi a baya, awaki ɗaure a sama. Amma 504 tana da wata ƙanwa da mutane kaɗan suka taɓa gani. Ƙofa biyu gare ta. Gajera ce, ta kwanta ƙasa kamar zomo ya laɓe. Mutum biyu ke zama gaba, baya kuma wuri ne matsattse, sai yara. Don gudu aka ƙera ta, da jin daɗin tuƙi. Buhu ɗaya na gero ya ishe ta kaya. Sunanta 504 Coupé, a baki kuma Kupe.

An fito da 504 ta kowa da kowa a 1968. Kupe ta biyo bayanta a 1969. Injinta daga Faransa yake, amma jikinta wani kamfanin Italiya ne mai suna Pininfarina ya zana shi, ya kuma ƙera shi. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya an rage mata santimita 19. Daga 1974 aka fara sa wa wasunsu babban inji mai silinda 6, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka yi. Da irin wannan mota wani Bafaranshe, Jean-Pierre Nicolas, ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1978, ya kuma ci na Bandama a Kodibuwa a wannan shekara. An daina ƙera Kupe a 1983. Ita 504 ta kowa an yi fiye da miliyan 3, a Kaduna ma an ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Kupe kuwa duk duniya ba ta kai dubu 30 ba.

Akwai guda ɗaya a Damagaram. Ta hamada ta shigo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsofaffin motoci a ƙasarsu, su ratsa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, su sayar da su nan, su koma gida ta jirgi. Haka wannan Kupe ta zo. Ta yi iyayen gida da yawa. Ranar da injinta ya tsaya aka tura ta gindin wani bedi, aka manta da ita. Kaji suka yi ta ƙwai a kujerar baya.

Wani makanike ne ya saye ta, kusan a kuɗin tsohon ƙarfe. Shekarunsa sun doshi 60. Tun yana yaron garaji, yana miƙa wa maigidansa sifana, ya ga irin wannan mota, ta shiga ransa. Ya tayar da injin cikin shekara ɗaya, da dare da ranakun Juma'a, bayan ya sallami masu kamyo da masu taksi. Wannan sana'arsa ce, bai sha wuya ba. Cikin motar ne ya gagare shi.

Ga abin da rana ta yi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Mota kulle a rana, cikinta yakan haura 60. Allon da ke gaban direba roba ne, ya tsage kamar fadama da rani. Robar tana da wani mai a jikinta wanda ke sa ta laushi. Zafi ne ke fitar da shi kaɗan kaɗan, har ta bushe ta fashe. Soson kujeru ya zama gari, in an taɓa sai ya zube kamar dussa. Yadin da ke rufin ciki ya saki, yana shafar kan mutum. Allunan ƙofa kwali ne aka lulluɓe, ruwan damina ya shiga ta gefen gilashi, suka kumbura suka lanƙwashe. Ɓeraye suka gama da sauran.

Nan aka fara gardama a gida.

Babban ɗansa yana da nasa ra'ayi. Ya ce, “Baba, a sa jan karammiski, a zagaye da ƙananan fitilu masu shuɗi, a cire kujerar baya a sa manyan lasifikoki. Ranar Salla duk gari sai an juyo.” Wani abokinsa kuma, mai sayo motoci daga Kwatano, ya ce kada a canza ko allura. Ya ce a Turai masu tara tsofaffin motoci suna neman Kupe, kuma wadda cikinta yake yadda ya fito daga kamfani ta fi tsada. A yi odar yadi irin na asali, a gyara, a sayar, a sayi fili. Uwargida ba ta ce komai ba sai abu ɗaya. Ta ce kuɗin da za a kashe kada ya taɓa rumbu.

Maganar mai motocin Kwatano gaskiya ce. Amma makaniken bai sayi motar don ya sayar ba. Yadin Turai kuma don sanyin Turai aka saƙa shi. Ya yi kwanaki yana tunani, sai ya yanke shawara mai kyau. Ya ce za a yi cikin motar da kayan da suka san zafin ƙasar nan, da hannun mutanen garin nan. Amma ba za a huda ƙarfe ko ɗaya sabon huji ba, ba za a yar da tsohon abu ko ɗaya ba. Duk abin da aka cire za a ɗaure shi, a rubuta masa suna, a ajiye a zaure. In wata rana magada sun so su mai da ita yadda take da, hanya a buɗe take.

Aka kwashe komai har sai da ƙarfe ya fito tsirara. Ashe babban ciwon yana ƙarƙashin shimfiɗa. An san jikin Kupe da saurin tsatsa. Wajen ƙafar direba an samu rami da hannu zai shiga. Ɗaya daga cikin wuraren da ake ɗaure kujera da kusoshi ya ruɓe. Da an ɗora sabuwar kujera mai kyau a kai, ranar da aka taka birki da ƙarfi da ta tashi da mutumin da ke kanta. Mai walda ya yi kwana 4 yana yanka yana liƙi. Aka goge, aka shafa fentin hana tsatsa, aka bari ya bushe. Wanda ya leƙo garajin a wannan wata sai ya ce ba a yi komai ba. Kusan rabin kuɗin aikin kuwa nan ya tafi.

Sai wayoyin lantarki na bayan allon gaba. Akwai wani ɗan abu da ake kira fis. Aikinsa shi ne ya ƙone shi kaɗai in wuta ta yi yawa, don sauran wayoyi su tsira. A wannan mota an tarar wani ya cire fis 3, ya cusa takardar azurfa ta kwalin taba a madadinsu. Direbobi da yawa suna yin haka, su ce dabara ce. Dabarar da ke ƙone mota ke nan. Soso da gam da yadi duk abincin wuta ne. Makaniken ya nuna wa ɗansa, ya ce, “Ka ga inda kake son a ƙara fitilu?” Yaron ya yi shiru. Daga baya an sa masa rediyo ɗaya da ƙananan lasifikoki 2 a ramukan da kamfani ya bari tun asali, kowa ya samu nasa.

Kujeru aka kai wa mai gyaran kushin, wanda ake ce wa tapisiye. Aikinsa abin kallo ne. Bai yaga tsohuwar rigar kujera ba. Ya warware ɗinkin sannu a hankali, ƙyalle ƙyalle, ya goge kowane ɗaya ya miƙe, ya zana shi kan takardar buhun siminti, ya sa masa lamba. Tsohuwar riga ita ce ma'auni. In ta ɓace, sai lalube. Ya gyara sifirin da suka karye. Ya sa soso kashi biyu, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Mai laushi kaɗai yana da daɗi a tasha, amma kafin a kai Matamai baya ya fara ciwo. Gefunan kujera kuma ya cika su da soso mai tauri. Motar gudu in ta sha kwana, jiki yakan zame gefe, waɗannan gefuna su ke riƙe mutum.

Masu tsere su ma suna canza cikin mota, amma nasu cirewa ce. Kupe ɗin da ake shiga tsere da ita ba ta da kujerar baya, ba ta da shimfiɗa. An kafa mata bututun ƙarfe a ciki kamar tankar rumbu, don in ta kife kada rufi ya danne mutane. Kowa da abin da yake nema a cikin motarsa.

Da aka zo maganar abin da za a lulluɓe kujerun da shi, tapisiye ya ɗauko fatar roba, wadda ake ce wa sikai. Ya ce tana da araha, ba ta shan ruwa, ana wanke ta. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa zama kan kujerar sikai da azahar a taksin daji ya san sauran labarin. Tana ƙuna. Ba ta numfashi, riga sai ta manne a baya. Bayan damina uku ko huɗu ta fara tsagewa. Makaniken ya ce fata yake so ta gaske.

Haka aka kai ga wani tsohon baduku a Birni. Shi da ubansa da kakansa kayan doki suka yi wa mahayan hawan Salla. Yanzu dawaki sun ragu, yawancin aikinsa kube ne da layu da ƴan jakunkuna. Ƴaƴansa babu wanda ya zauna a rumfar. Bai taɓa mallakar mota ba. Aka kawo shi garaji, ya zagaya kujerar, ya danna, ya zauna, ya tashi. Ya ce, “Ai wannan sirdi ne. Sai dai dokin na ƙarfe ne.” Ya ce sirdi ba a duba kyansa daga sama. Ana duba bayan doki bayan tafiya. In akwai miki, aikin banza ne ko an yi masa ado da azurfa.

Makaniken ya ce, “Baba, za ka iya?”

Ya ce, “Ɗinki ba wuya, Malam. Ka samo mini fata.”

Makaniken ya yi dariya. A ƙasar da dabbobi suka cika, fata ce za ta yi wuya? To, a nan aikin ya yi wata 3 a tsaye.

Kujera tana son ƙirgi, wato fatar saniya da aka jeme. Tana son babban yanki mai faɗi, tsakiyar baya da gefen haƙarƙari, wanda ba shi da aibi. Su biyu suka yi ta yawo, daga majema zuwa mahauta, daga mahauta zuwa masu tara kilago. Tsohon yakan ɗaga fata sama, ya sa ta tsakaninsa da rana, ya shafa cikinta da tafin hannu. Sai ya ajiye, ya girgiza kai. Ya yi haka har makaniken ya gaji da ƙirga.

Kowace fata tana ba da labarin dabbar da ta sa ta. Wannan an yi mata shaida da wuta, ƙatuwa, a daidai tsakiyar gefe, inda fata ta fi kyau. Wurin ya ƙone har ciki, ba ya karɓar rini, in an ja sai ya tsage. Waccan an yi mata lalas, layi layi daga kafaɗa har ciki. Wata kaska ta huda ta, ƙananan huji kamar na rariya. Wata kirci ya ci bayanta. Wata ƙaya da waya da bulala sun zane ta. Waɗannan duk tun dabbar tana da rai ne.

Sauran ɓarnar bayan yanka take zuwa. Mahauci yana sauri, wuƙarsa mai tsini ce. Ko bai huda fatar ba, yakan yanke rabin kaurinta daga ciki. Daga waje ba a gani. Sai an ɗinka an ja, wurin ya buɗe baki. Bayan fiɗa kuma a bar jini da kitse a jiki, a jefar da fatar ƙasa cikin rana tsaka. Sama ta bushe ƙamas, ciki kuwa da ɗanye, yana ruɓewa. Ranar da majemi ya jiƙa ta sai fuskarta ta saɓule. Fatar kirki ana wanke ta nan da nan, a kankare nama, a ɗaure ta da igiyoyi a miƙe cikin inuwa inda iska ke ratsa ta gaba da baya, ko a zuba mata gishiri sosai. Tun zamanin da ma'aikatan kula da dabbobi suke faɗar haka.

Akwai kuma wani abu. Kilago da yawa yanzu ba ya zuwa majema sam. Ƴan kasuwa suna kwasarsa zuwa Nijeriya, inda ake babbake shi, a dafa, a ci ganda. Mai sayen ganda ba ruwansa da tabo ko huji. Nauyi yake dubawa.

Wata rana a kara suka zauna da wani makiyayi dattijo. Makaniken, da takaici ya cika shi, ya ce, “Don Allah Malam, me ya sa kuke ɓata fatun dabbobinku haka?”

Makiyayin bai ji haushi ba. Ya ce shaida don ɓarawo ake yin ta. In ƙarama ce a ɓoye, wa zai gan ta daga nesa ranar da aka kora garke? Ya ce lalas magani ne da ya gada, kuma ranar da saniya ta kwanta a daji likitan dabbobi yana tafiyar yini biyu. Sannan ya ce, “Maigida, ni saniya nake sayarwa, da fatarta da ƙahonta. Wanda ya saya bai taɓa ƙara mini ko dala ɗaya ba don fatarta ba ta da tabo. Ka taɓa jin an ƙara?”

Makaniken ya rasa amsa, don babu. Mahauci ma haka zai ce. In mai tara fatu yana biyan kuɗi ɗaya ga mai huji da marar huji, wa zai ɓata lokacinsa yana fiɗa da lallashi? Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Amma akwai abin da ba ya cin ko tamma. Shaida tana iya zama a wuya, ko a ƙasan cinya, ko a kumatu. Ana ganinta, kuma tsakiyar fata ta tsira. Makiyayin ya ce wannan kam mai yiwuwa ne.

Tsohon baduku ne ya warware matsalar, kuma da wayo. Ya je wajen wani mahauci da suka saba. Ya ce masa zai biya fiye da kuɗin kasuwa, a hannu, ga kowace fatar da aka feɗe da dunƙulen hannu da wuƙa mai zagayen baki, aka wanke, aka kawo masa kafin rana ta yi tsaka. Shi da kansa yake zuwa da asuba ya zaɓi saniyar tun tana tsaye. Cikin sati 3 ya samu fatu 2 masu kyau. Mahaucin nan dai shi ne na jiya, hannunsa bai canza ba.

Fatun awaki ba su ba da wahala haka ba. Jar akuya ta Maradi sananniya ce, har cibiyar kiwonta akwai a Maradi. Fatarta siririya ce, mai ƙarfi, fuskarta lumui. Tun zamanin ayari ake ɗaukar jajayen fatun awaki na ƙasar Hausa a kan raƙuma zuwa arewacin hamada. Daga can Turawa suke saye, har suka riƙa kiransu fatun Maroko. Da su ake rufe littattafai masu tsada, a yi safar hannu da takalma. Sai dai fatar akuya ƙarama ce, ba ta rufe kujera sai da haɗe-haɗe. Aka ware ta don sitiyari da allunan ƙofa da rigar sandar giya.

Aka kai majema. An jiƙa fatun, an sa su cikin ruwan toka har gashi ya saki, an kankare, an wanke. Sannan suka shiga ruwan bagaruwa. Bagaruwa ita ce ke mai da ɗanyar fata ta zama wadda ba ta ruɓewa. Ta akuya kwanaki kaɗan take ɗauka. Ƙirgi mai kauri ne, sai an yi haƙuri har bagaruwa ta ratsa tsakiyarsa. Majemi yakan yanki ɗan gefe ya duba. In akwai farin layi a tsakiya, bai nuna ba. Bayan nan aka shafa man gyaɗa, aka yi ta murza ana ja har suka yi laushi.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da jimar gida. Fatar da manyan kamfanoni ke sa wa motoci, yawancinta da wani gishiri mai suna kurom ake jeme ta, cikin manyan ganguna masu juyawa, a shafe fuskarta da fenti. Ta fi jure ruwa da zafi. Jimar bagaruwa tana duhu in ta sha rana. Ɗigon ruwa yana bar mata tabo. In an ƙyale ta ba mai, takan bushe ta yi tauri. Tsohon bai ɓoye ko ɗaya ba. Kuma shi ne ya hana a rina kujerun da karan dafi, duk da makaniken ja yake so. Ya jiƙa farin ƙyalle, ya goga kan wata jar fata, ya miƙa masa. Ƙyallen ya yi ja. Ya ce, “Haka babbar rigarka za ta yi ranar Juma'a in ka yi zufa.”

Saboda haka aka raba aikin. Gefunan kujera da bayanta ƙirgi ne, da launinsa na bagaruwa, ba rini. Tsakiya, inda baya da cinya ke zama, saƙi ne na auduga mai kauri, baƙi da fari, daga hannun wani masaƙi. An wanke shi sau biyu kafin a yanka, don ya gama tsukewa, baba kuma ta gama zuba. Auduga tana shan zufa, ba ta ƙuna. Jar fatar akuya ta tafi allunan ƙofa, sama da inda gwiwar hannu ke gogawa. An yi sababbin allunan da katako siriri maimakon kwali, an liƙa leda tsakaninsu da ƙarfen ƙofa don ruwa. A kan jar fatar tsohon ya zana dagi ɗaya ƙarami a kowace ƙofa. Ɗan makaniken ya so a cika ko'ina da zane. Tsohon ya ce gishiri in ya yi yawa miya ta ɓaci.

Tapisiye da baduku ba su shirya da farko ba. Ɗaya mai keke ne, ɗaya mai basilla. Keken ya karya allura 2 a kan ƙirgi kafin tapisiye ya yarda a fere bakin fatar ya yi siriri a wurin ɗinki. Baduku shi kuma ya ga amfanin takardar buhun siminti, don bai saba yanka abu biyu su fito daidai da juna kamar tagwaye ba. Fata ba yadi ba ce. Duk inda allura ta shiga, hujin ya zauna har abada. Ba a warware ɗinki a sake. Shi ya sa suka fara gwada komai da tsohon buhu kafin wuƙa ta taɓa fata.

Sitiyari tsohon ya yi shi kaɗai, yini 2. Ya yanki fatar akuya baƙa, ya rage mata tsawo kaɗan da gangan. Ya jiƙa ta, ya ja ta a kan sitiyarin, ya ɗinka da allura biyu da zare mai kakin zuma, ɗinkin yana ciki inda yatsa ba ya gogawa. Da fatar ta bushe sai ta tsuke, ta kama kamar da ita aka haife shi. Haka ake yi wa kuben takobi. Rigar sitiyari mai sako-sako, irin wadda ake saya a bakin hanya, haɗari ce. Hannu ya juya, riga ta juya, ƙafafun mota ba su juya ba.

Allon gaba an cike tsagoginsa, an lulluɓe shi da baƙar fata marar ƙyalli. Akwai dalili. Abu mai haske ko mai sheƙi a wannan wuri yana fitowa cikin gilashi kamar madubi, direba ya kasa ganin hanya da hantsi. Masu shimfiɗa farin buzu ko jera kayan ado a nan su lura. Kan sandar giya wani masassaƙi ya sassaƙa shi da guntun kanya da aka samu a tsohuwar turmi.

Abu ɗaya ne tsohon ya ƙi taɓawa, wato ɗamarar kujera. Tsofaffin sun sha rana har sun koɗe, zarensu ya fara tashi. Tapisiye ya ce a yanke wurin da ya lalace a ɗinke. Makaniken ya ce ko a yi sababbi da ƙirgi, su dace da kujeru. Tsohon ya ce majayin sirdi in ya tsufa ba a yi masa faci, kuma shi bai san nauyin da wannan ɗamara ke ɗauka ba ranar karo. Ya yi daidai. Irin wannan ɗamara mai kama kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da ita a 1959. Da zare na musamman ake saƙa ta, wanda ke ɗan miƙewa ba ya tsinkewa, kuma ana gwada ƙarfinta da inji. Aka aika Kano aka sayo sababbi, aka ɗaura su a ramukansu na asali da kusoshinsu masu tauri.

Da kujerun gaba suka shiga, makaniken ya ɗauki tsohon zuwa Mirriya, ya zaunar da shi gefensa, ya ɗaura masa ɗamara. Tsohon bai kalli hanya ba. Yana ta shafa gefen kujera da yatsa, yana jingina, yana tashi. Da suka dawo ya fito, ya taɓa bayan rigarsa, ya ji a bushe take. Sai ya duƙa ya nuna wani wuri a kujerar direba, gefen da ake gogawa wajen shiga da fita. Ya ce nan ne zai fara ci, a riƙa shafa masa mai kaɗan duk wata, kuma kada a bar motar a rana ba rufi. Makaniken ya kafa mata rumfar zana a bayan garaji.

Kujerar baya har yanzu ba a yi ta ba. Tabarma ce a wurin. Ƙirgin ya ƙare, uwargida kuma ta tuna masa maganar rumbu. Mahaucin ya aiko cewa akwai wani bijimi da za a yanka bayan kaka, shaidarsa a wuya take, bayansa ba ko ƙwarzane. Tsohon ya ce sai ya je ya gani da idonsa. Ƙaramin ɗan makaniken, wanda ya riƙe masa zare ranar ɗinkin sitiyari, shi zai kai shi a kan babur.